Goge jarfa daga jiki: hanyoyin da ake bi, haɗarin kowacce, da abin da mai baƙar fata ya kamata ya sani

A shekarar 2023 cibiyar bincike ta Pew da ke Amurka ta gano cewa kashi 32 cikin 100 na manyan ƙasar suna da jarfa a jikinsu, wato zanen da ake yi da allura da tawada, wanda matasan birane ke kira tatu. Daga cikin masu zanen kuma, kashi 24 cikin 100 sun ce suna nadamar aƙalla ɗaya daga cikin zane-zanen da ke jikin nasu. Dalilan nadamar sanannu ne a ko'ina: sunan masoyin da aka rabu da shi, tambarin wata ƙungiya da aka fita daga cikinta, tuba da komawa ga addini, ko neman aikin da ba a ɗaukar mai zane.

A Najeriya wannan dalili na ƙarshe yana da nauyi. Rashin jarfa ko wani rubutu a jiki na cikin sharuɗɗan da rundunar sojin ƙasa ke gindaya wa masu neman shiga aikin, kuma sabbin ƙa'idojin aikin soja da Shugaba Bola Tinubu ya sanya wa hannu a Disamban 2024 sun haramta wa jami'ai yin jarfa. A lokacin zanga-zangar EndSARS ta Oktoban 2020, ɗaya daga cikin koke-koken matasa shi ne yadda ake tare mai zane a jiki a yi masa kallon ɗan ƙungiyar asiri ko ɗan damfara. Matashin da ke gaggawar kawar da zane kafin ranar tantancewa shi ne ya fi saurin faɗawa hannun mai sayar da asid ko mai na'urar da ba ta dace da fatarsa ba, kuma tabon da zai samu daga nan ya fi zanen wuyar gyarawa.

Me ya sa jarfa ba ta gogewa?

Fatar ɗan Adam hawa-hawa ce. Hawan sama, wanda ido ke gani, yana sabunta kansa cikin kusan wata guda, tsofaffin ƙwayoyinsa suna zubewa sababbi suna maye gurbinsu. Shi ya sa lalle ke gogewa cikin mako biyu zuwa uku, domin wannan hawan kaɗai yake rinawa. Allurar mai jarfa kuwa tana huda hawan saman ta wuce, ta ajiye tawada a hawa na biyu, a zurfin milimita ɗaya zuwa biyu, inda jijiyoyin jini da na jin zafi suke. Wannan hawan ba ya zubewa.

Da zarar tawadar ta shiga, jiki yakan ɗauke ta a matsayin baƙon abu, ya tura mata ƙwayoyin garkuwa da ake kira makrofaj, waɗanda aikinsu shi ne haɗiye datti da ƙwayoyin cuta. Sukan haɗiye ɓarɓashin tawadar, amma ba sa iya narkar da shi, kuma girmansa ya wuce su kwashe shi gaba ɗaya, sai su zauna da shi a wurin. A shekarar 2018 masu bincike a birnin Marseille na Faransa sun nuna, ta gwaji a kan ɓeraye, cewa idan waɗannan ƙwayoyi suka mutu sukan saki tawadar, sababbi su zo su sake haɗiye ta a daidai wurin. Haka zanen ke wucewa daga wata ƙwaya zuwa wata har ƙarshen rayuwa. Gawar mutumin nan da ake kira Otzi, wadda aka tsinta cikin ƙanƙara a tsaunukan Alps a 1991, ta shekara kusan 5,300, amma har yanzu ana iya ƙirga zane 61 a jikinta.

Daga nan ake fahimtar dukkan hanyoyin gogewa, domin kashi biyu ne kawai. Ko dai a lalata ko a cire fatar da ke riƙe da tawadar, ko kuma a farfasa tawadar a inda take har ta yi ƙanƙantar da jiki zai iya kwashe ta da kansa. Hanya ta farko takan bar tabo kusan kullum. Ta biyu ita ce aikin leza, kuma tana cin lokaci da kuɗi.

Tsoffin hanyoyi: gishiri, kankara, asid da wuta

Neman goge jarfa tsohon abu ne. A daulolin Girka da Rum ana yi wa bayi da masu laifi zane a jiki domin a gane su, don haka wanda ya sami 'yanci yakan nemi mai cire masa shi. Wani likitan daular Rumawa ta Gabas mai suna Aetius, wanda ya rayu a ƙarni na 6, ya rubuta yadda ake tsattsaga wurin da tsinke, a goga gishiri, a sa magani a ɗaure na kwanaki. Har yau akwai masu bin wannan hanya ta gishiri: a yi ta goga shi da ɗanyen ƙyalle har fatar sama ta saluɓe, wurin ya yi ja yana tsattsafo da jini. Zafinta mai tsanani ne, tana buɗe ƙofa ga ƙwayoyin cuta, kuma sau da yawa zanen yakan dushe ne kawai ya bar inuwarsa cikin tabo.

'Yar'uwarta ita ce kankare fata da wata na'ura mai juyawa da sauri, mai kai kamar na dutsen wasa wuƙa. Likitoci sun daɗe suna amfani da ita kafin zuwan leza. Matsalarta ita ce tawada ba ta zama a zurfi ɗaya, don haka sai an kankare har ƙasa kafin a cim mata, kuma duk raunin da ya kai wannan zurfin da tabo yake warkewa.

A 1888 wani likitan Faransa mai suna Variot ya fito da hanyar cusa sinadarai masu cin fata a cikin zanen, wurin ya ƙone ya yi ɓawo, ɓawon ya faɗi da wani ɓangare na tawadar. Wannan dabara ba ta mutu ba, suna kawai ta canza. A wasu shagunan kwalliya ana tallata ta da sunan gogewa ba tare da leza ba, inda ake cusa ruwan asid a fata da irin allurar da aka yi zanen da ita. Hukumar tantance haɗurra ta tarayyar Jamus ta yi gargaɗi a 2011 kan irin wannan ruwa mai ɗauke da asid ɗin laktik kashi 40 cikin 100, bayan rahotannin kumburi mai tsanani da tabo.

Akwai kuma daskarar da fata da ruwan naitirojin, wanda sanyinsa ya kai digiri 196 ƙasa da sifiri. Ƙwayoyin da ke ba fata launi sun fi sauran saurin mutuwa da sanyi, don haka a baƙar fata wannan hanya kan bar farin tabo mai kama da na ƙuna. A can ƙasan jerin kuma akwai abin da mutane ke yi wa kansu a ɗaki: ruwan batir, dutsen guga, garwashi, reza. Waɗannan ƙona kai ne tsagwaronsa, garin neman gira a rasa ido.

Yadda leza ke aiki

Masanin kimiyya Theodore Maiman ne ya ƙera leza ta farko a Amurka a 1960, kuma cikin shekarun da suka biyo baya likitan fata Leon Goldman ya fara gwada ta a kan jarfa. Lezojin farko da aka yawaita amfani da su suna ƙona duk abin da suka tarar, tawada da fata baki ɗaya. Sauyin ya zo ne a 1983, lokacin da Rox Anderson da John Parrish na Jami'ar Harvard suka wallafa bayanin yadda za a iya lalata abu guda a cikin fata ba tare da an taɓa maƙwabtansa ba. Sharuɗɗan biyu ne: a zaɓi launin hasken da abin da ake hari ya fi zuƙa, sannan a sake shi cikin ɗan lokacin da zafin ba zai samu damar bazuwa zuwa naman da ke kewaye ba.

Na'urorin da aka gina a kan wannan ƙa'ida, waɗanda likitoci ke kira Q-switched, suna sakin haske mai ƙarfi cikin 'yan nanodaƙiƙa, kuma nanodaƙiƙa ɗaya kashi ɗaya ce cikin biliyan na daƙiƙa. Ɓarɓashin tawadar yakan ɗauki zafi farat ɗaya ya tarwatse, kamar a mayar da tsakuwa yashi. Daga nan aikin na'ura ya ƙare, na jiki ya fara: cikin makonni ƙwayoyin garkuwa ke kwashe ƙananan gutsattsarin zuwa kaluluwa, wato ƙullutan nan na hammata da matsematsi da wuya. Leza ba ta fitar da tawada daga jiki nan take, shi ya sa zanen ke ci gaba da dushewa makonni bayan an tashi daga kan kujera.

A 2012 hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka, FDA, ta amince da PicoSure, na'ura ta farko da ke sakin haske cikin pikodaƙiƙa, wadda ta fi nanodaƙiƙa gajarta sau dubu. Irin waɗannan na'urori kan niƙa tawada ta fi laushi, kuma sun fi tasiri a kan wasu launuka masu taurin kai, amma sun fi tsada, kuma su ma ba sa gama aiki a zama ɗaya.

Kowane launi da haskensa

Ana auna nau'in hasken leza da nanomita, kuma kowace tawada da wanda take zuƙa. Baƙi shi ne mafi sauƙi, domin yana zuƙar kowane haske. Lezar Nd:YAG mai nanomita 1064 ita ce ta baƙi da shuɗi mai duhu. Wannan na'urar dai, idan aka juya ta zuwa 532, tana aiki a kan ja da ruwan goro. Kore da shuɗi mai haske sun fi jin lezar rubi mai 694 ko ta alezandarait mai 755. Ruwan ɗorawa da fari su ne mafiya wuya, kuma sau da yawa ba sa fita duka. Zane mai launuka da yawa yana buƙatar na'ura fiye da ɗaya, ko na'ura mai nau'in haske fiye da ɗaya.

Akwai tarko guda da ya kamata mata masu jarfar kwalliya a gira ko leɓe su sani. Tawada fara, da ruwan hoda, da mai launin fata, sukan ƙunshi sinadaran ƙarfe ko na titaniyom. Idan leza ta buge su, maimakon su dushe sai su rikiɗe su koma baƙi ko toka-toka nan take. Wani lokaci ana iya goge baƙin da ƙarin zama, wani lokaci kuma ya zauna. Saboda haka ƙwararre ba ya fara aiki a kan irin wannan zane sai ya gwada a ɗan ƙaramin wuri da ba ya bayyana.

Matsalar baƙar fata

Abin da ke ba fata duhu sinadari ne mai suna melanin, kuma yana zaune ne a hawan sama, wato a kan hanyar da haske zai bi kafin ya isa ga tawada. Melanin ma yana zuƙar hasken leza. Idan fata ta yi duhu, tana ƙwace wani kaso na ƙarfin da aka nufi tawada da shi, ta ƙone. Likitoci suna amfani da ma'aunin da Thomas Fitzpatrick ya tsara a 1975, wanda ya kasa fata gida shida, kuma akasarin mutanen Afirka ta Yamma suna gida na biyar ko na shida, inda haɗarin ya fi yawa.

Melanin ya fi zuƙar haske mai gajeren zango, irin 532 da 694 da 755, kuma bai cika damuwa da 1064 ba. Wannan ne ya sa Nd:YAG mai 1064 ta zama zaɓin farko ga baƙar fata, da ƙarfi kaɗan-kaɗan, da tazara mai tsawo tsakanin zama da zama. Ma'anar haka ita ce mai baƙar fata da baƙin zane yana da kyakkyawar dama, amma mai baƙar fata da zane ja ko kore yana cikin tsaka mai wuya, domin hasken da ke fasa waɗannan launuka shi ne kuma ya fi cutar da fatarsa.

Illolin da aka fi gani uku ne. Na farko, wurin ya yi fari, har siffar zanen ta fito sarai da farin launi a madadin baƙi. Wannan kan gyaru cikin watanni, amma yana iya zama na dindindin. Na biyu, wurin ya ƙara duhu fiye da sauran jiki, wanda yawanci yakan washe a hankali. Na uku shi ne tabon nan mai tudu da ke girma ya wuce iyakar raunin, mai ƙaiƙayi da sheƙi, wanda likitoci ke kira kiloid. Ya fi yawa a tsakanin 'yan asalin Afirka, kuma ya fi son ƙirji da kafaɗa da gadon baya da kunne. Duk wanda ya taɓa samun irinsa bayan hujin kunne, ko kaciya, ko ƙurji, ko kuma akwai shi a danginsa, wajibi ne ya faɗa wa likita tun kafin a fara.

Haka kuma mai shafa man bilicin kada ya ɓoye. Da yawa daga cikin waɗannan mayuka suna ɗauke da sinadarin sitiroid, wanda ke sa fata ta yi siriri ta kuma yi jinkirin warkewa.

Zama nawa ake buƙata?

Duk wanda ya yi alkawarin gogewa a zama ɗaya ko biyu, ciniki yake nema. Zanen da ƙwararren mai jarfa ya yi da inji yakan ɗauki zama shida zuwa goma, sau da yawa ma fiye, kuma ana barin aƙalla mako shida zuwa takwas tsakanin kowane zama. Ke nan aikin shekara ɗaya ne zuwa biyu. Zanen da aka yi a gida da allura da tawadar biro ko kunkunniya yakan fi saurin fita, domin tawadarsa ba ta da yawa.

Wani bincike da likitocin Italiya suka wallafa a 2012, wanda ya bi diddigin mutum 352, ya nuna cewa kashi 47 cikin 100 ne kawai zanensu ya goge bayan zama goma, adadin kuma ya kai kusan kashi 75 bayan zama goma sha biyar. Binciken ya gano cewa shan taba yana rage yiwuwar samun nasara a zama goma da kusan kashi 70 cikin 100. Sauran abubuwan da suka rage nasara sun haɗa da girman zane, da launukan da ba baƙi ko ja ba, da kasancewarsa a ƙafa, da kuma kusanta zama da zama. Dalilin bai da wuyar ganewa: tunda jiki ne ke kwashe tawadar, duk abin da ya rage gudun jini ko ya hana jiki lokacin yin aikinsa zai kawo jinkiri. Zanen da ke kusa da ƙirji ko wuya ya fi na idon sawu ko yatsa saurin dushewa. A nan sauri nawa yake haifarwa.

Ana biyan kuɗi ne a kan kowane zama, gwargwadon faɗin zanen, don haka jimillar takan ninka kuɗin da aka kashe wurin yin zanen sau da yawa. Ya kamata a nemi lissafin aikin gaba ɗaya tun farko, domin wanda kuɗinsa ya ƙare a tsakiya zai zauna da zane rabi a goge.

Ranar zama da kwanakin da ke biye

Masu jinya kan kwatanta zafin da tsartuwar mai daga kasko, ko ɗallin roba a fata ba ƙaƙƙautawa. Ana rage shi da man kashe zafi, ko allura, ko iska mai sanyi. Ƙaramin zane 'yan mintoci yake ɗauka. Dole mai aiki da wanda ake yi wa su sa tabarau na musamman da aka yi domin nau'in hasken, saboda leza na iya lalata ido cikin ƙiftawa ɗaya.

Nan take wurin yakan yi fari fat kamar an barbaɗa gari, sakamakon tururin da ya taru a cikin fata, kuma farin kan baje cikin kusan rabin awa. Ja da kumburi da ɗan bororo da ɓawo na iya biyo baya, su warke cikin mako ɗaya zuwa biyu. A wanke wurin da ruwa mai tsabta da sabulu mara ƙarfi, a shafa man da likita ya bayar, a rufe shi daga rana. Kada a fasa bororo, kada a ɓamɓare ɓawo, kada a sa toka ko man goge haƙori ko wani haɗin gida. Idan aka ga mugunya, ko jan yana faɗaɗa, ko zazzaɓi ya zo, a koma asibiti a ranar.

Akwai waɗanda ya kamata su dakata ko su yi taka-tsantsan. Mai ciki ta jira sai ta haihu. Masu ciwon sukari da masu sikila, waɗanda rauni a ƙafa kan yi musu wuyar warkewa, su fara tuntuɓar likitansu. Wanda zanensa ke kumbura yana ƙaiƙayi, musamman jan zane, yana iya kasancewa jikinsa bai karɓi tawadar ba, kuma farfasa ta na iya watsa borin jinin zuwa duk jiki. Idan akwai tawadar Allah a cikin zanen, sai likitan fata ya duba ta kafin haske ya taɓa wurin.

Tiyata

Ga ƙaramin zane, kamar harafi ko kalma ɗaya, yankewa ita ce hanya mafi sauri kuma mafi tabbas. Likitan fiɗa zai kashe zafin wurin, ya yanke fatar da zanen yake kai, ya haɗa bakin raunin ya ɗinke. Launin tawada ba ya hana wannan aiki, kuma a rana ɗaya ake gamawa. Farashinta shi ne tabo mai tsawo, wanda yakan ɗan fi zanen tsayi. Babban zane sai an yanke shi kashi-kashi cikin watanni, ko a yi dashen fata daga wani sashe na jiki, abin da ke barin tabo a wuri biyu. Ga mai saurin yin kiloid, tiyata a ƙirji ko kafaɗa caca ce babba.

Wasu kan zaɓi rufe tsohon zane da sabo mai duhu, bayan an ɗan dushe shi da leza. Wannan yana maganin sunan da ba a so, amma ba ya amfanar mai neman aikin soja ko mai barin jarfa saboda addini, kuma tawada hawa biyu ta fi wuyar gogewa nan gaba.

Mayuka da na'urorin da ake tallatawa a intanet

Hukumar FDA ta bayyana cewa ba ta amince da wani man goge jarfa ba, kuma ba ta da shaidar cewa suna aiki. Man da bai ratsa hawan sama ba ba zai kai ga tawada ba, wanda kuma ya kai gare ta sai da ya cinye fatar da ke samanta. Yawancinsu man bilicin ne da ke washe fatar da ke kewaye, ko kuma asid mai ƙona ta.

Haka ƙananan na'urori masu kama da alƙalami da ake sayarwa da sunan leza ta gida. Haka kuma na'urar cire gashi mai walƙiya da ake samu a shagunan kwalliya: haskenta yana daɗewa a kan fata fiye da na lezar jarfa sau dubbai, don haka tana dafa tawadar ne a hankali, zafin ya bazu ya ƙona naman da ke kewaye. Saboda irin waɗannan raunuka ne Jamus ta mayar da goge jarfa da leza hannun likitoci tun daga ƙarshen 2020. Araha dai ba ta ado.

Jarfar gargajiya, tsaga da zanen haɗari

Jarfa ba baƙuwa ba ce a ƙasar Hausa. Wanzamai sun daɗe suna yi wa 'yan mata ita a fuska da wuya, a tsattsaga fata a shafa baƙi, kuma matan Fulani da dama suna da baƙin zanen leɓe da kewayen baki. Irin wannan baƙi yana jin leza mai 1064 sosai. Tsaga kuwa, irin bille ko kalangu, tabo ce da aska ta bari. Idan an shafa mata baƙi leza za ta iya cire baƙin, amma ramin ko tudun zai zauna, kuma gyaransa aikin likitan fiɗa ne ko wata leza dabam mai daidaita saman fata, wadda ke rage bayyanar tabon ba tare da ta shafe shi ɗungurungum ba. Sashe na 24 na Dokar Kare Haƙƙin Yara ta 2003 ya haramta yi wa yaro jarfa ko tsaga, da hukuncin tarar da ba ta wuce naira 5,000 ba, ko ɗaurin da bai wuce wata ɗaya ba, ko duka biyun.

Akwai kuma zanen da ba wanda ya nema: baƙin da kan zauna a fata bayan faɗuwa daga babur a kan kwalta, ko bayan fashewar albarushi. Maganinsa mafi kyau shi ne a wanke raunin sosai a asibiti tun yana sabo, kafin fata ta rufe a kan dattin. Idan ya riga ya zauna leza na taimakawa, sai dai dole a sanar da likita in albarushi ne, domin ragowarsa na iya tartsatsi a cikin fata idan haske ya buge shi.

Addini da gogewa kyauta

Ga Musulmi da yawa tambayar ita ce ko wajibi ne wanda ya tuba ya cire zanen. Hanin yin jarfa ya zo a hadisan Bukhari da Muslim. Imam Nawawi, a sharhinsa na Sahihu Muslim, ya kawo cewa cirewa wajibi ce idan za ta yiwu ta hanyar magani, amma idan sai an yi rauni, kuma ana tsoron halaka, ko asarar gaɓa ko amfaninta, ko mummunan aibi a wurin da ke bayyane, to ba ta wajaba ba, kuma tuba ta wadatar. Bisa wannan, babu hujjar addini ga wanda zai zuba wa kansa ruwan batir.

A wasu ƙasashe ƙungiyoyi sun ɗauki nauyin aikin. A Indonesiya hukumar zakka ta ƙasa, Baznas, tana shirya goge jarfa da leza kyauta a Jakarta cikin watan Ramadan tun 2019. A Los Angeles ta Amurka, ƙungiyar Homeboy Industries da limamin Katolika Greg Boyle ya kafa tana goge wa tsofaffin 'yan daba da waɗanda suka fito daga kurkuku tamburan ƙungiyoyinsu kyauta, domin su samu aiki.

Tambayoyi kafin a biya kuɗi

Wuri mafi dacewa a fara shi ne sashen fata ko na fiɗar gyaran jiki a asibitin koyarwa ko na ƙwararru, ko da ba a can za a yi aikin ba. A duk inda za a yi shi, a tambayi waɗannan: Wane ne zai riƙe na'urar, kuma yana da rajista da Hukumar Kula da Likitoci da Likitocin Haƙori ta Najeriya, ko likita mai rajista ne ke sa ido a kansa? Mene ne sunan na'urar, kuma tana da haske mai nanomita 1064? Akwai hotunan mutane masu irin launin fatar mai tambaya, kafin aiki da bayan an gama? Za a yi gwaji a ƙaramin wuri a jira makonni kafin a ci gaba? Wa zai kula da raunin idan an samu ƙuna?

Wanda ya kasa amsa waɗannan, ko ya ji haushin an yi su, ba wurin zama ba ne. Wanda kuma ke da ranar tantancewa a gabansa ya yi lissafi da kalanda: zama takwas da tazarar mako takwas ya haura shekara ɗaya, don haka gara a rasa ɗaukar bana da fata lafiya a nemi ta baɗi.